Ɓarin Hagu na Yaya Tasi'u

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma na san abin da ya jawo shi, saboda haka kada wani ya ce mini tuwo na cika wa cikina.

Yayana Tasi'u yana gidana tun da aka sallamo shi daga asibiti. Hawan jini ne ya kayar da shi a shagonsa, ya farfaɗo ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, hannu da ƙafa. Likita ta ce in zai daure ya riƙa taka ƙafar akwai sa rai, in kuwa ya ci gaba da kwanciya jijiyoyin za su sandare, shi ke nan. Yaya ya ji, ya ce to, ya juya wa bango fuska. Mutumin da a da ba ya iya zama wuri ɗaya har shayi ya huce, yanzu sai in wuni ina lallashi bai sauko da ƙafa daga katifa ba. Abin yana cin raina, kuma ina tsoron ranar da likitar za ta ce lokaci ya wuce.

To jiya da yamma sai na shigo masa da wani gem, wasan nan da ake bugawa a talabijin. Sabo ne, bana aka yi shi, amma an tsufar da shi da gangan, mutanen ciki kamar an gina su da 'yan ƙananan bulo, kiɗan ma irin na da ne mai tsit-tsit. 'Yan sanda biyu ne suke fasa ƙofofi suna ceto mutane, sak irin wanda muka ƙarar da ƙuruciyarmu a kansa a shagon Sabitu mai gem, bayan tashar mota a Funtua. Takardar jikin kaset ɗin Sabitu ta yage tun kafin mu san shagon, don haka ba wanda ya san sunan gem ɗin, Fasa-Ƙofa kawai muke ce masa. Abin bugawar nan da ake riƙewa, hannu muke kiransa. Yaya ne hannu na ɗaya, mai bindiga. Ni ne hannu na biyu, ɗan sandan da ke riƙe garkuwa yana shiga gaba. Na jona sabon a talabijin, na ɗora masa hannu ɗaya a cinya ina washe baki. Ya dubi abin, ya dubi hannunsa na hagu da ke yashe a gefe, wanda shi ne ke danna tafiya. Ya ce, "Muntari, kashe, kaina ke ciwo." Na kashe na je na kwanta.

Sai ga ni a wata ƙasa wadda ba ta da faɗi. Tsawo akwai, sama da ƙasa akwai, amma gefe babu. Titi ɗaya ne tal, ya taso daga hagu ya miƙe dama. Gidajen duk an yanke musu bango ɗaya, kana ganin mai barci a bene da mai suyar ƙosai a ƙasa, ba wanda abin ya dama. In mutum biyu suka haɗu ba sa kauce wa juna, don babu inda za a kauce, sai ɗaya ya durƙusa ɗaya ya tsallake shi, su gaisa a iska har da tambayar iyali. Ana yayyafi, amma daga ƙasa yake tsatsowa ya hau sama, saboda haka masu lema a juye suke riƙe ta suna kare ƙafar wando.

Na dubi jikina, kakin ɗan sanda ne shuɗi, ga garkuwa a hannu. Na shafa fuska, ido ɗaya, kunne ɗaya. Na laluba ɗaya ɓarin, babu shi. Akwai wani mai shayi a bakin titi, na tsaya na tambaye shi.

"Malam, don Allah ina ɗaya ɓarin nawa ya shiga?"

"Kai baƙo ne," in ji shi. "A nan kowa da ɓari ɗaya yake fita. In dama ka nufa, na dama ne a bakin aiki. In kana son ɗayan sai ka juya."

Na juya hagu, sai ga ɓarin hagu ya iso, na dama ya tafi hutu. Na juyo, suka sake canji.

"Ya isa haka," ya ce. "Ba a son yawan juye-juye. Ɗaga kanka."

A sararin sama akwai wata ƙatuwar kibiya tana ƙiftawa, tana nuna dama. A kusurwa kuma an jera rayukan kowa, 'yan jajayen zukata kamar an shanya tattasai. Na hango nawa, ba su da yawa, amma na ga za su yi.

Ban san lokacin da na bar wurin mai shayi ba, na dai ga ni tsaye a caji ofis. Akuyoyi ne a kan kanta, Difi'o kuwa wani bunsuru ne mai furfura a gemu, yana zaune yana taunar igiyar tarho a natse. Na ƙame na sara masa.

"Ranka ya daɗe."

Ya leƙa kusurwar sama ya duba nasa. "Da saura," ya ce. "Mene ne aikinka?"

"Ni ne mai garkuwa, ranka ya daɗe."

Wata akuya da ke tuƙa ta tsaya baki a karkace.

"Kuma ka kawo kanka da ƙafarka?" in ji Difi'o. "Kofur, rufe shi."

Na ce a'a, garkuwar ƙarfe nake nufi, wadda ake tare harsashi da ita, ga ta ma a hannuna. Ya dube ta, ya sunsuna, ya ce wannan ma'anar ta daɗe da yin ritaya. Maganar ta taɓa ni fiye da kamun. Na tuna lokacin da nake fitowa daga shagon Sabitu ina shela a tsakiyar layinmu, ni ne mai garkuwa, ni ne mai garkuwa, dattawa na zaune a dakali suna cin goro, ba wanda ya ko ɗaga kai. A lokacin kalmar ba ta tsorata kowa. Suka tura ni ɗaki suka datse.

Ban jima a ciki ba na ji an sa wa ƙofar ƙafa. Ta ɓalle gaba ɗaya, ta yi ƙifta-ƙifta ta ɓace. Yaya Tasi'u ne tsaye, a kan ƙafarsa, da kaki ja da bindiga, hula a karkace yadda yake sa ta tun yana makaranta.

"Tashi, malalaci," ya ce. "Har yau sai na zo na fasa maka ƙofa?"

Na yi murna ƙwarai. Na tsaya ina kallonsa kawai, yana ɗan rausaya a wuri ɗaya irin na wanda ƙafarsa ke ƙaiƙayin tafiya. Sai maganar mai shayi ta faɗo mini. Dama ya nufa, ɓarin dama ne a bakin aiki, shi ya sa yake garau. Muddin bai juya hagu ba, a ƙasar nan Yaya lafiyayye ne, kuma da alama ma bai san da wata cuta ba. Nan take na ƙudura a raina ko me za a yi ba zan bari ya juya ba.

Difi'o ya leƙo, ya ce tunda mu biyu ne to lallai 'yan sanda ne, a sake ni. Ya ce an yi garkuwa da wani mutum a bene na ƙarshe, can ƙarshen titi, mu je mu ɗauko shi.

"Wane ne?" Yaya ya tambaya.

"Ya faɗi sunansa a waya, amma da rabin baki ya yi magana, ba mu ji ba."

Bangon ɗakin ya ga da gaske muke, ya ɗage da kansa muka fita.

Kai, aikin nan bai bar hannunmu ba. Mu isa ƙofa, in durƙusa in kafa garkuwa, Yaya ya leƙa ta ramin makulli ya ga inda kowa yake, ya taɓa mini ƙeya da bakin bindiga, ma'ana shirya. Ya sa ƙafa, in faɗa ciki harsasai na sauka a kan ƙarfe, shi kuma ya miƙe ta saman kaina ya yi abin da ya iya. Ba ma sai mun yi magana ba. Gurnetin da aka ba mu mangwaro ne, in ka jefa shi ɗaki sai ya yi sallama, 'yan fashin su tsaya amsawa, kafin su kai ƙarshen amsar mun gama da su. Dukansu fuska ɗaya gare su da riga ɗaya mai ratsi, da gani tela ɗaya ne ya cuce su. Kowanne yana kai da kawowa a ɗan wurinsa, akwai ma wanda ya ɗaga mana hannu ya ce mu dakata bai gama sintiri ba. Muka dakata, don gaskiya ya roƙa da ladabi.

Waɗanda muke cetowa kuwa, da mun taɓa igiyarsu sai su ce madalla su ɓace. Wata tsohuwa ce kawai ta ce ba inda za ta sai ta gama tsince shinkafarta, muka taya ta, sannan ta ce madalla ta ɓace ta bar mu da tsakuwa a hannu. Duk abin da muka wuce, gefen duniya na hagu yana biye da mu yana haɗiye shi, gida da mutanensa, ba a sake ganinsu.

Yaya ya fasa wata ganga, sai ga gasasshiyar kaza a faranti tana tururi. Kazar nan ita ke mayar wa mutum da ƙarfi, kuma ni ne na sha duka, shi ko ƙwarzane ba shi da shi. Kafin in miƙa hannu ya taka ta, ta shige cikinsa.

"Haba Yaya! Kai da kake cike?"

"Ajiya na yi maka," ya ce.

Abin da yake faɗa kenan tun muna yara, kuma har yau ban ga ajiyar ba. A shagon Sabitu a kan kazar nan mun sha komawa gida ba ma magana da juna, amma jiya ji na yi ina ma a sami wata gangar ya sake cinyewa.

Matsalar ta fara ne a hawa na biyu. Wani ɗan fashi ya diro ta taga a bayanmu. A ƙa'idar aikinmu tsaron baya na Yaya ne, shi ke juyawa kamar walƙiya ya harba ya juyo. Na ga kafaɗarsa ta fara motsi. Ban tsaya tunani ba na daka tsalle ta kansa na dira a bayansa na kafa garkuwa, na maƙure mutumin da bango har ya gaji ya ɓace.

"Me ya same ka?" in ji Yaya, fuskarsa na gaba. "Mai garkuwa gaba yake tsayawa."

"Sabon salo ne, haka ake yi yanzu."

"Wa ya fito da shi?"

"'Yan zamani."

Ya ja tsaki. Daga nan aiki ya zame mini biyu, in tare gaba, in tsallako in tare baya, in koma. A tsalle na ban san adadi ba harsashi ya same ni a iska. Na mutu. Abin ba wuya, wani ɗan kiɗa ne aka yi mai ban tausayi, sai ga ni ina saukowa daga sama ina ƙiftawa, zuciya ɗaya ta ragu a kusurwa. Yaya ya ce Allah ya ƙara, wanda ya ƙi bin tsari haka yake ƙarewa. Na sake mutuwa a bakin matakala, ya sake cewa Allah ya ƙara. Ban ji haushi ba, tunda har lokacin bai juya ba.

Muna tsakiyar wani dogon baranda komai ya daskare. Launuka suka cakuɗe, kan Yaya ya koma wurin gwiwarsa, kiɗan ya maƙale a sauti ɗaya yana ƙara. Can sai wata iska mai ɗumi ta taso daga ƙarƙashin duniya, fuu, fuu, tana warin goro da alewar minti. 'Yan sanda da 'yan fashi kowa ya dafe hularsa.

"Sabitu ne yake hura kaset," in ji Yaya daga wurin gwiwarsa.

Sabitu ya daɗe da rasuwa, shagon ma ya koma na cajin waya, amma numfashinsa ne, ko a ina na ji shi zan gane. Tare da iskar har da ƙaurin tsohuwar talabijin in ta yi zafi, da warin bencin nan da gumin yara ya dafar, da hayaniyar masu jiran layi a bayanmu suna koya mana abin da su ba su iya ba. Na buɗe baki na shaƙa iya iyawata, don na san ba daɗewa za ta yi ba. Aka ji ƙas, an mayar da kaset, kan Yaya ya koma wuyansa.

Da launi ya dawo sai muka ga 'yan fashin duk sun watsar da bindigogi sun kwanta rub da ciki. Daga dama wata mata ce take tahowa, ta yafa mayafi a kai, muciya a hannu. Innarmu ce. Haka take zuwa shagon Sabitu in magariba ta kawo jiki ba mu koma ba, kuma in ta shigo har Sabitu gyara zama yake yi. Mu ma muka kwanta, da kakinmu da komai. Ta taka gadon bayanmu ta wuce, ba ta da nauyi ko kaɗan, sai ƙamshin hayaƙin itace da man kaɗanya.

"In kun gama shiriritar ku zo ku kai mini niƙa," ta ce, ba ta ko tsaya ba.

Hagu ta nufa. Yaya ya miƙe zumbur zai bi ta da kallo. Na yar da garkuwa na kama fuskarsa da hannu na riƙe gam.

"Kada ka juya."

"Inna ce fa, Muntari."

"Na sani."

"Sake ni in gan ta."

Ban sake shi ba. Ni da nake fuskantar hagu na ga bayanta, da ɗan ɗingishin nan nata, har gefen duniya ya haɗiye ta da muciyarta. Yaya bai gani ba. Da na cire hannuna bai zage ni ba, bai kuma tambaye ni dalili ba, ya gyara bindiga kawai ya wuce gaba. Na ɗauki garkuwa na bi shi.

A bene na ƙarshe muka tarar da ogan 'yan fashin yana gadin ƙofa. Wani ƙaton buhun gishiri ne da baƙin tabarau. Yana ganinmu ya ce shi fa ba ruwansa, kiransa ake yi a miya yake zuwa. Yaya ya huda shi sau ɗaya, ya tsiyaye yana ta ba da haƙuri. Na durƙusa a bakin ƙofa, na ji bakin bindiga a ƙeyata, aka sa ƙafa, na faɗa ciki.

Ba harsashi ko ɗaya. Ɗaki ne fayau, sai kujera a ƙuryar dama, da mutum zaune a kanta yana fuskantarmu. Yana sanye da singileti da wandon barci, gemu ya yi buzu-buzu, baki ya ɗan karkace, hannu na kan cinya a yashe. Ɓarin hagun Yaya ne. Duk tsalle-tsallen da na sha da rayukan da na zubar, ashe abin da nake ɓoye masa yana gabanmu zaune yana jira.

Yaya ya sauke bindiga. Suka daɗe suna kallon juna, ido ɗaya da ido ɗaya.

"Kai ne?" in ji Yaya.

"Ni ne."

"Wa ya ɗaure ka?"

"Duba da kyau, babu igiya. Gajiya na yi na zauna. Da na zo tashi sai na rasa yadda ake yi."

Yaya ya matsa ya taɓa kafaɗarsa, muka jira ya ce madalla ya ɓace irin na sauran. Bai ce ba, bai kuma ɓace ba. Oba-obar da ke ƙuguna ta yi ƙara, muryar Difi'o ta fito yana tauna.

"Wannan ba ya ɓacewa. Da ƙafa ake kawo shi gida."

Na leƙa sama. Kibiyar nan da tun zuwana take nuna dama ta yi wata ƙara irin ta tsohon ƙyaure, ta juya ta nuna hagu. Kiɗan ma ya ƙara sauri, irin wanda ake yi in lokaci ya kusa ƙarewa.

Na ce bari in goya shi. Na sa hannu, hannuna ya ratsa ta cikinsa ya fita.

"Ba naka ba ne," in ji na kan kujera. "Na gode dai."

Yaya ya ce a bar shi, mu wuce abinmu, ai mun saba cin gem ba tare da an ceci kowa da kowa ba. Ya tsallake kujerar ya nufi dama, ya yi karo da bango. Ya sa masa ƙafa, ya sake sa masa, bangon ko gezau, don daga nan babu sauran titi. Ya tsaya goshinsa a jikin bango yana haki. Ni kam dabarata ta ƙare. Sai ya juya.

Kujerar ta zama ba kowa. Kaki ja ya tafi, singileti ya zo, bindiga ta faɗi ƙasa, Yaya ya sulale ya zube a kan gwiwa. Ya yi yunƙuri ƙafar ta ƙi. Ya sake yi ta ƙi. Ya jingina da bango ya rufe ido, irin rufewar da na sani a gida.

"Wuce, Muntari. Ka ce wa bunsurun ba mu sami kowa ba."

"Yaya, daure ka…"

"Na ce ka wuce. Kaina ke ciwo."

Raina ya ɓaci. Na gaji da jin maganar nan, a farke na ji ta, a mafarki ma ta biyo ni. Na ce to shi ke nan, na saɓa garkuwa na nufi hagu da sauri. Ban yi nisa ba na ji na daki wani abu da ba a gani. Ƙafafuna na tafiya, ni ina wuri ɗaya. Na ja baya na zo da gudu, haka dai. Sai na tuna. A Fasa-Ƙofa allon ba ya matsawa sai 'yan sandan biyu sun taho tare. In Yaya ya ajiye hannu ya fita sayen rake, haka nawa ɗan sandan zai yi ta tattaki a bakin allo kamar an ɗaure shi, masu jiran layi na yi mini dariya.

"Yaya, ba ya tafiya."

"Tura da ƙarfi."

"Ka manta ne? Sai mun taho tare."

Ya buɗe ido ya ga yadda nake ta tattaki a wuri ɗaya da ƙatuwar garkuwa. Ya tsine wa wanda ya ƙirƙiro gem ɗin, ya haɗa da Sabitu da ya sayo shi, sannan ya nemi gafara don Sabitu ya riga mu gidan gaskiya. Sai na ga rabin bakinsa yana rawa, ashe dariya ce take cinsa.

"Har yanzu kamar agwagwa kake tafiya," ya ce.

Na dawo wurinsa. To amma ta ina zan kama shi? A ƙasar nan ko dai ka tsaya gaban mutum ko bayansa, ba a tsayawa gefensa. In na tsaya gaba na tare masa hanya, in na tsaya baya ba abin da zai dafa. Na ajiye garkuwar, na sa kafaɗa a inda babu wuri na tura. Duniya ta yi ƙara ƙiii, ta buɗe kaɗan, daidai tsayuwar mutum ɗaya. Oba-oba ta ɓarke da koke-koken awaki, Difi'o na ihu wa ya buɗe faɗi ba da izini ba. Na kashe ta. Na shiga wurin na durƙusa a gefen Yaya, na ɗauki hannun nan na ɗora a wuyana. Yana da nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.

Muka miƙe da ƙyar. Kiɗan na ta sauri, zukatanmu a kusurwa sun fara ƙiftawa. Yaya ya cije leɓe, gumi ya keto masa, ya ja ƙafar a ƙasa. Ba ta ɗagu ba, jan ta ya yi, tafiyar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Amma allon ya motsa. A gefen hagu wani siririn layi na bango ya fito wanda ɗazu babu shi.

"Ka gani?" na ce.

"Rufe mini baki, ina aiki."

Ya tattara ƙarfi zai sake ja, sai wani abu ya faɗi ƙwal, ya yi ta gangarawa ƙwalalan.

Na buɗe ido. Gari ya fara haske, ƙarar kuma daga ɗakin Yaya ta fito. Na je na tarar da shi zaune a bakin katifa, ya miƙa hannun dama zai jawo butar alwala ta kuɓuce masa, ta gangara har bakin ƙofa tana zubar da ruwa.

"Me kake kallo?" ya ce. "Miƙo mini."

Na sunkuya zan ɗauka yadda na saba, sai na fasa. Na tsallake butar, na je na zauna ta hagunsa, na ɗauki hannun na ɗora a wuyana.

"Ga ta can, Yaya. Mu je mu ɗauko."

Ya zage ni tas, bai rage komai ba. Sannan ya ce in riƙe shi da kyau.